Matar Mai Gadin Dam

A takardun ofis sunan mijinta ne a rubuce, shi ne mai gadin dam. Amma mu da muka zauna a gidajen da ke ƙasan jingar nan mun san ƙafar da take taka ta kullum safiya. Inna Mai Gora muke ce mata, saboda doguwar gorar da take yawo da ita, wadda ta fi ta tsawo da kusan kamu biyu.

Dam ɗin ba wani babba ba ne. Jinga ce ta ƙasa zalla, aka tara aka daɓe a bakin kwari, bayan wata shekara da rafi ya shigo gari ya rushe gidaje ashirin da wani abu. Aikinta ta tare ruwan sama in ya taho da ƙarfi, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta wani bututu da ke gindinta. A ƙarshenta ta gabas an bar wani wuri mai faɗi da ya ɗan yi ƙasa, muna ce masa mafita. In ruwa ya cika, ta nan zai bi ya sauka can gefe, kada ya hau kan jingar. Don ƙasa ce. In ruwa ya tsallaka ta samanta, kafin a gama ihu ya cinye ta.

Shekara goma sha takwas Inna tana gidan mai gadi, ba ta hawa jingar sai in za ta kai masa abinci. Ita ɗinki take yi da keken ƙafa a bakin ƙofar ɗakinta. Abin da ta sani game da dam bai wuce laka a wandonsa ba, da ƙayar da take cire masa a tafin ƙafa da allura. Huɗu ta haifa, biyu suka tsaya: mace, wadda daga baya ta yi aure a birni, da namiji da ya bi tuƙin babbar mota, ba a cika ganinsa ba.

Wata safiya masu zuwa gona suka tsinci mai gadi kwance a kan jinga, bakinsa ya karkace. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya yi wata guda a asibiti aka dawo da shi. Magana ta dawo daga baya, a jirkice, sai wanda ya saba da shi ke ganewa. Hannu da ƙafa kuwa ba su dawo ba.

Ruwan farko na daminar nan da hantsi ya sauko. Mai gadi ya kama gurnani a kan gado, yana nuni da hannun hagu. Ta ɗauka fitsari yake ji, ta kawo gwangwani, ya ture. Ta kawo ruwan sha, ya kau da kai. Can ta lura gorarsa yake nunawa, tana jingine a bayan ƙofa.

"To, na ji," ta ce. "Zan je."

Ta yafa buhu a ka, ta je ta tsaya a kan jinga na ɗan lokaci, ta dawo tana ɗiga.

"Lafiya lau, Malam."

"Me... kika gani?"

"Ruwa mana. Me zan gani?"

Ya juya fuskarsa bango. Ranar ko abinci bai karɓa ba.

Daga nan karatu ya fara. Yana kwance, tana zaune a bakin gado tana tsintar maganarsa ɗaya-ɗaya. Ba ruwan za ta duba ba, ya ce, bayan jingar za ta duba, ɓangaren da ke kallon gari. Ta sauka har gindi, ta bi ta taku-taku. Duk ramin da ta gani, na gafiya ne ko na damo, ta zura gora ta ji iyakarsa, ta cika shi da yumɓu ta daɓe. Gidan gara, ta rushe shi tun yana ƙarami. Duk itacen da ya tsiro a jikin jinga ta cire shi tun bai kai gwiwa ba, don saiwa hanya take yi wa ruwa. Inda ciyawa ta fi sauran kore, ta tsaya ta taka da ƙafa. In ta ga ruwa yana tsattsafowa, ta ɗiba a farar kwalba ta ajiye ya kwanta. In garau yake, da sauƙi. In ya bar laka a gindin kwalba, to cikin jingar ne ruwa yake ci yana fitowa da shi.

Ta ɗauka na wata biyu ne ko uku, kafin ya miƙe. Shekara goma sha huɗu ta yi.

Ranakunta duk iri ɗaya ne. Ta tashi ta ɗora ruwa, ta wanke shi, ta juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ta ba shi abinci a baki har ya koyi ci da hagu. Sannan ta ɗauki gora da adda ta fita. Taku ɗari uku da ashirin ta sama, ɗari uku da ashirin ta ƙasa. Ta dawo ta zauna ta ba shi labari, shi kuma ya yi ta tambaya kamar alƙali. Sai azahar take samun zama kan keke, lokacin bayanta ya riga ya ƙage. Masu kawo ɗinki suka ragu, don ba ta cika alkawari.

Duk ƙarshen wata akwai takardar da ake cikawa a aika ofis. Da 'yarta ce ke cikawa. Bayan 'yar ta yi aure Inna ta koyi inda ake sa alama, mai gadi ya dangwala yatsan hagu. Ba ta taɓa ganin amsa ba. Injiniyoyi kan zo sau ɗaya a shekara biyu ko uku, kuma da rani suke zuwa, lokacin da babu abin gani sai busasshiyar laka da awaki. Su tsaya a sama su ɗauki hoto, su tambaya ina mai gadi, ta ce ba ya jin daɗi, su ce a gaishe shi. Shekara biyar a jere tana sawa a rubuta maganar wani kututture da ke gindin jinga. Tsohon itace ne da aka sare tun kafin ta fara aikin, aka bar saiwarsa tana ruɓewa a ciki. Ya fi ƙarfin adda da shebur, sai katafila. Katafila ba ta zo ba.

Ramuka da gara ba su gajiyar da ita kamar mutane ba. Masu shanu sun ga jingar ta fi musu kusa, suka mai da ta hanya, kofato ya yi ta zaftare gefenta. Masu yin bulo su zo gindinta da baro, don ƙasar wurin tana da kyau. Wani ya taɓa dasa mangwaro bakwai a jere a kanta, wai don inuwa. Da ta tuge su ya biyo ta har gida yana faɗa. Kowa ta hana sai ya ce, "Ke a wa?" Gaskiya kuwa babu sunanta a ko'ina. Aka sa mata suna na biyu, Sarkin Hani, ana faɗa in ta ba da baya.

Wanda ya fi ba ta wahala kuwa na gida ne, ƙanin mijinta, Dogo. Yana noman rani a bakin dam, tumatir da tattasai da albasa. Duk ƙarshen damina sai ya jera buhunan ƙasa ya toshe mafita, don ruwa ya ƙara taruwa ya kai shi har bazara. Duk farkon damina kuma Inna ta je ta janye su ɗaya bayan ɗaya, tana haki. Tun tana amarya suke wasa da shi, don haka faɗan ma cikin wasa yake farawa.

"Matar yaya, an fito aikin gwamnati?"

"An fito kwashe shararka dai, mijin banza. Ji mutum har mutum, sai buhu ya iya ɗauka."

"Kamu ɗaya na ruwa fa, Inna. Kamu ɗaya me zai yi wa dutsen ƙasa irin wannan?"

"Je ka tambayi yayanka."

"Yaya yana kwance, ke kike ta wahalar da kanki. Tun da aka yi dam ɗin nan kin taɓa ganin ruwa ya bi ta mafita?"

Ba ta taɓa gani ba. Shi ya sa ma Dogo ya shuka masara a kwarin da ke ƙasan mafitar, inda ruwan zai bi in ya sauko. Wurin yana da taki, masarar takan fi ta kowa.

A shekara ta goma gwiwarta ta hagu ta fara ciwo. Hawa da sauƙi, sauka ce azaba. Gorar da take zura wa ramuka ta koma sandar dogarawa. 'Yarta ta zo daga birni ta same ta tana ɗaure gwiwa da tsumma.

"Inna, ku tattara ku zo wurina. Akwai ɗaki, akwai asibiti kusa. Wa zai gode miki a nan?"

"Faɗa wa babanki."

Ta faɗa masa. Ya ce, "Bayan damina." Haka ya ce a shekarar da ta biyo baya, da wadda ta biyo bayanta. Inna ba ta matsa ba. Ta taɓa ce wa wata maƙwabciyarmu labarin jingar nan da take kawo masa kullum shi kaɗai ya rage masa na duniya, in ta raba shi da shi ba ta san me za su riƙa cewa da juna ba.

A shekara ta goma sha huɗu Dogo ya gaji da ɗaukar buhu. Ya kawo bulo da siminti ya gina ɗan bango a bakin mafita, tsayin gwiwa. Inna ta je ta tsaya a kansa, ta buga shi da gindin adda, addar ta yi tsalle. Ta yi masa magana, ya yi dariya. Ta sa an rubuta a takarda wata uku a jere. Daga nan ta yi shiru, don ba ta da ƙarfin fasa siminti, kuma ta gaji da magana.

Daminar ta zo da nauyi. Cikin watan takwas aka yi kwana biyar ruwa bai ɗauke ba sai na ɗan lokaci. Dam ya cika irin cikar da tsofaffinmu ma ba su taɓa gani ba. Ruwa ya kai bangon Dogo ya tsaya yana lasar bakinsa, yana ta hawa. A rana ta shida da safe Inna ta sauka gindin jinga da baya-baya, tana riƙe ciyawa. Daf da tsohon kututturen nan ta ga ƙasa tana ɓuɓɓuga kamar tukunya a kan wuta. Ba ta ma buƙatar kwalba, ruwan ja ne wur. Duk da haka ta ɗiba, ta kai masa.

Ya ɗaga kwalbar da hannun hagu ya kalla. Laka ta kwanta yatsa biyu. Ta ce tun da ya kwanta ba ta taɓa jin maganarsa ta fita tar kamar ta ranar ba.

"Kada a toshe bakin. In an toshe zai ɓulle wani wuri. A kewaye shi da buhuna, a zuba yashi, a bi da tsakuwa. A buɗe mafita. A fitar da mutanen layin ƙasa." Ya numfasa. "Kira min Dogo."

Ta fara bi gida-gida a layinmu tana buga ƙofa da gora. Wasu suka fito da sauri, wasu suka tsaya tambaya. Wata tsohuwa ta ce ba inda za ta ta bar kajinta, sai da aka ɗauke ta da kajin. Aka kwashi mata da tsofaffi zuwa makarantar da ke kan tudu. Maza wajen ashirin suka bi Inna da shebur da baro. Tana tsaye a cikin taɓo har ƙauri tana nuna inda za a ajiye kowane buhu, kuma ranar ba wanda ya tambaye ta ita a wa.

Dogo ya shiga wurin yayansa. Ba mu san abin da aka faɗa a ɗakin ba. Ya fito ya je gida ya ɗauko babbar guduma, ya wuce ta gaban Inna bai kalle ta ba. Ya tsaya a bakin mafita yana duban masararsa a ƙasa, ta yi goyo, saura mako uku a karya.

"Inna," ya ce, "kin tabbata?"

"Ban tabbata ba, Dogo. Abin da na gani na faɗa."

Ya tsaya har wani ya miƙa hannu zai karɓi gudumar, ya hana. Shi ya fasa bangon da kansa. Ruwa ya bi ta mafita da ƙara kamar manyan motoci, ya kwantar da masarar, ya tafi da ƙasar gonar har da bukkar da yake ajiye taki.

Kafin la'asar ruwan dam ya sauka kamu ɗaya. Washegari da rana abin da ke fitowa a gindin kututture ya fara washewa. Jinga ta tsaya. Mutanen da suka kwana biyu a ajin makaranta suka dawo suka tarar da gidajensu yadda suka bar su, sai wasu suka fara ƙorafi, wai an tashe su a banza, ga sauro ya cinye su. Dogo ya daina gaishe ta. In sun haɗu a hanya sai ya tsaya gyaran takalmi har ta wuce.

Bayan kwana huɗu wata injiniya ta zo, sa'ar 'yar Inna, da dogayen takalman roba. Ita kam ta sauka har gindi. Ta zagaya buhunan, ta tsuguna ta sa hannu a tsakuwar, ta ce a kai ta wurin mai gadi. Inna ta yi jinkiri, sannan ta yi gaba. Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa ta ga gadon, ta ga siraran ƙafafunsa, ta ga gwangwanin da ke ƙarƙashi.

"Baba, tun yaushe kake kwance?"

Inna ce ta amsa. "Sha huɗu."

"Wata?"

"Shekara."

Injiniya ta zauna a kan kujerar keken ɗinki. 

"Mama, da kun toshe bakin ramin nan, da yanzu wani labari ake yi. Ni dole in rubuta abin da na gani. Duka."

"Rubuta, 'yata," in ji Inna. "Ko ma an karanta naki."

Nata an karanta. Da rani katafila ta zo. Da aka tuge kututturen aka sami rami a cikin jingar wanda babban mutum zai shiga a rarrafe. Aka yi wata biyu ana cikewa ana daɓewa, aka shimfiɗa duwatsu a mafita. Takarda kuma ta zo cewa an soke aikin mai gadi, an miƙa kula da dam ga kwamitin mutanen gari. Ba a hukunta kowa ba, ba a kuma ambaci Inna a ciki ba. Da aka zauna zaɓen kwamiti aka ce a sa wanda kullum yake bakin ruwa, sai aka ba Dogo shugabanci.

Inna ta karanta wa mijinta takardar, wato ta faɗa masa abin da aka ce tana ciki. Ya ce, "To." Daga nan ya rage tambaya, ya rage ci. Bai ga daminar gaba ba. A wurin zaman makoki ne Dogo ya durƙusa ya yi mata gaisuwa, karo na farko cikin wata takwas, ta amsa kamar jiya suka rabu.

Da ta fita takaba 'yarta ta zo da mota. Aka ɗora keken ɗinki da katifa da tukwane. Yanzu tana wani ɗaki a ƙasan bene a birni, kusa da wurin wanki. Likita ya ce gwiwar ta riga ta cinye, sai dai a riƙa lallaɓawa. Tana yi wa jikokinta facin kayan makaranta in idonta ya yarda. In an tambaye ta ko tana kewar can, sai ta ce tana kewar mutane.

Bara da damina Dogo ya shigo birni sayen kayan injin ban-ruwa, ya biya ya gaishe ta. Ya yi furfura. Ya zauna a kan tabarma, aka kawo masa ruwa, bai ko sha ba ya fara: masu shanu sun dawo, 'yan kwamiti ba sa zuwa taro, wani ya kafa rumfar shayi a kan jinga, da ya yi magana aka ce masa shi ne zai faɗa wa wani? Ga ƙugunsa yana ciwo, ga gona ba mai taya shi.

"Matar yaya, mutanen nan ba sa ji."

"Uhm," in ji Inna. Ta tambaye shi wa ya rasu a layin ƙasa, wa ya haihu, ko an gyara rufin makaranta. Ya amsa a gurguje ya koma kan maganarsa. Yana cikin bayanin yadda suka yi da mai shayi ya ɗaga kai ya ga ta jingina da bango, ƙafarta a miƙe a kan matashi, barci ya ɗauke ta da rana tsaka. Ya ɗan jira. 'Yarta ta leƙo ta ce a tashe ta ne? Ya ce a'a, a ƙyale ta. Ya shanye ruwansa, ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita, don ya sami motar ƙarfe biyu.